Rubutun da Bai Kwana Ba

Kafin in shiga labari, ya dace in gabatar da mutanen da ke cikinsa, domin kada mai karatu ya yi karo da baƙo a tsakiyar hanya. Akwai Injiniya, dattijon da ya ƙera wata manhaja mai suna Tawada, wadda mutane suke buɗe shafukansu na intanet da ita, suna rubuta abin da ke ransu. Akwai matarsa, wadda kowa yake kira Mama. Akwai 'yarsu ta ƙarshe, Auta, mai karɓar koke-koken masu amfani da manhajar. Akwai Ɗan Goggo, ɗan yayar Injiniya, mai kula da babbar kwamfutar da shafukan suke zaune a kanta. Sai wani saurayi da abokan aiki suka laƙaba wa Walƙiya, saboda saurin hannunsa. Su ke nan.

Tawada ba ta sayarwa ba ce. Injiniya ya bar cikinta a buɗe: duk mai so ya duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ƙara, ko ma ya ɗauki kwafinta ya tafi ya kafa tasa, babu mai ce masa don me. Masu taya shi aikin kuwa 'yan sa kai ne, suna haɗuwa ranar Asabar a wani ɗaki da ke saman shagon ɗab'i, inda ƙarar injin ƙasa take girgiza kofunan shayi.

A wannan ɗaki Auta ta fara ganin Walƙiya. Tana zaune kusa da taga, ta dafe kai, tana fama da koken wata malamar makaranta wadda hotunanta suke juyewa kai ƙasa duk lokacin da ta ɗora su daga waya. Sai ta ji sallama, ta ɗaga ido, ta ga wani dogon saurayi tsaye a bakin ƙofa yana haki, jakar kwamfuta rataye a kafaɗarsa, igiyar takalminsa ɗaya a kwance.

"Nan ne ake aikin Tawada?" in ji shi.

"Nan ne. Amma ka fara ɗaure takalminka, kada mu fara da jinya."

Ya dubi ƙafarsa, ya yi dariya, ya ƙi ɗaurewa. Ya jawo kujera ya leƙa allon kwamfutarta ba tare da an gayyace shi ba. Kafin shayin da ta zuba masa ya huce, hotunan malamar sun tsaya da ƙafafunsu.

"Na daɗe ina kai ƙarar wannan matsala," Auta ta ce, "kowa sai ya ce mini gobe."

"Ni ban san gobe ba," ya ce. "Yau na sani."

Ta dube shi da kyau a karo na farko. Shi ma ya dube ta, sai kuma ya rasa inda zai ajiye idanunsa, ya ɗauki shayin ya kurɓa da zafinsa har ya ƙone harshe. Tun daga wannan rana Asabar ta fara yi wa Auta nisa.

Zance ya fara daga aiki, ya zarce inda ba aiki ba. Da ya gane ita ce 'yar Injiniya sai ya aiko mata saƙo:

"Ashe a gidan mai gonar na yi ta sukar shuka. Ki rufa mini asiri, Autar mata."

Ta mayar masa: "Asirinka a rufe yake. Bakinka ne a buɗe."

Wata safiya kuma ya rubuto: "Na duba dukan koke-koken yau, ban ga nawa ba. Kokena shi ne, tun jiya ban ji muryarki ba. Wa zan kai wa ƙara?"

Ta amsa: "An karɓi kokenka, Walƙiyata. Ana dubawa. Ka yi haƙuri, layin yana da tsawo."

"Mutum nawa ne a gabana?"

"Babu kowa. Haƙurinka kawai nake aunawa."

Ba a daɗe ba ya aiko kawunsa ya gaida Injiniya, ya nemi izinin a turo manya. Injiniya ya karɓi baƙon da mutunci, amma amsar da ya bayar ita ce wadda ya saba bayarwa a kowace magana mai nauyi: "Bari ta kwana." Maganar ta kwana, ta sake kwana, har Auta ta daina ƙirgawa.

A nan ya zama dole in bayyana wani hali na Tawada, domin a kansa labarin ya juya. Idan mutum ya gama rubutu ya danna maɓallin wallafawa, rubutun ba ya fita nan take. Sai ya kwana. Da safe, idan mai shi bai janye shi ba, sannan duniya ta gani. Masu aikin suna kiran wannan hali Kwana. Har ya zama musu ɗabi'a: wanda aka ɓata wa rai sai ya zauna ya zazzage fushinsa a shafinsa, ya danna maɓalli da ƙarfi, zuciyarsa ta yi sanyi, da safe ya janye abinsa, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani.

Wata ranar aiki da yamma, Walƙiya ya rako Auta tashar mota. Sun tsaya ƙarƙashin rumfar jira, sai ya buɗe mata abin da ya daɗe yana dafawa.

"Hasken idona, Tawada ta tsufa. Faci ne a kan faci. Ka toshe nan, can ya ɓalle. A waya tana rarrafe, kuma akwai kafofin da masu kutse za su iya shigowa ta cikinsu, na gani da idona. Gyara ba zai yi ba. Sai an sake gina ta tun daga tushe."

Auta ta san gaskiya ya faɗa, domin ita ce koke-koken suke fara bugu. Ta kuma san mahaifinta.

"Ka san Baba ya fi shekarun ƙuruciyata yana gina ta?"

"Na sani. Ba raina shi nake yi ba. Har na fara gwajin sabuwa, na mayar da shafina kanta don mutane su gani. Sauri kamar me! Kin danna, ya fita."

"Ya fita? Ina Kwana?"

"Na cire. Wa yake jiran gobe a wannan zamani? Ke da kanki kin ce an fi kawo ƙara a kansa."

"An fi kawo ƙara a kansa, haka ne. Amma ban taɓa ganin wanda ya bar mu saboda shi ba. Ka rushe duk abin da za ka rushe, masoyi, amma ka bar wa Baba Kwana."

Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya gama shawara. "Idan ya ga saurin, da kansa zai ce a cire."

Mota ta zo. Ta shiga, ta bar shi tsaye yana ɗaga mata hannu, igiyar takalminsa tana jan ƙasa.

Ranar Asabar ɗakin ya cika, har wasu suka zauna a kan kwalayen takarda. Walƙiya ya tsaya gaban farin allo da maka, alƙalamin rubutu a allo, a hannu, ya zana tsohuwar Tawada kamar gidan da aka yi ta ƙara wa ɗakuna ba tsari, ya zana sabuwa a gefe. Ya nuna yadda za a kwashe tsofaffin shafuka ba tare da harafi ɗaya ya salwanta ba, da abin da za a fara ginawa, da abin da zai jira. Samari suna gyaɗa kai. Injiniya yana zaune a kujerarsa ta katako, ya ɗora hannuwa biyu a kan sandarsa.

Ɗan Goggo ne ya fara magana. Shi dama ya daɗe yana son Auta, yana ganin tuwona maina za a yi, kuma zuwan Walƙiya ya tsaya masa a maƙogwaro.

"Malam mai zane," ya ce, yana murmushi, "na duba gidan naka sama da ƙasa, ban ga ɗakin Kwana ba. Ko idona ne?"

"Babu shi," Walƙiya ya ce. "Jinkiri ne kawai."



Injiniya ya ɗago kai a hankali. "Jinkiri ne kawai," ya maimaita.

"Baba, ina nufin..."

"Na ji abin da kake nufi. Jiya ka shigo gida, yau ka ɗauko gatari. Ka tambayi wani dalilin da ya sa aka kafa wannan ginshiƙi kafin ka ce a sare shi?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Kuma kai ne ka aiko mini kawunka. To, bari in ba ka amsa a gaban jama'a. Yaron da bai iya zama da abin da ya tarar ba, ba zai iya zama da 'yar mutane ba. Ranar da ta tsufa a idonka, ita ma sai ka sake ta tun daga tushe!"

Wani ya yi dariya, ya yi maza ya haɗiye ta. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Walƙiya ya ajiye makar a hankali, ya ɗauki jakarsa, ya sauka daga benen ba tare da ya waiwaya ba.

Da la'asar Auta tana falo tana ninke kayan wanki, Mama tana gyaran zaren labule, Injiniya yana kishingiɗe da tabarau a goshi. Sai ga Ɗan Goggo ya faɗo ko sallamar kirki babu, waya a hannunsa.

"Kawu, ka ga abin da yaron nan ya yi? Duniya duk ta gani!"

Ya fara karantawa da ƙarfi, yana jan kowace kalma. A shafin Walƙiya ne. An rubuta cewa Tawada gidan gizo-gizo ce da mai ita ya maƙale a ciki, cewa wanda ya gina ta bai san gini ba, tsoron sabon abu kawai ya sani, kuma tsufa ba hujja ba ce.

Auta ta fizge wayar. Sunansa ne, salon maganarsa ne, babu tantama.

Injiniya ya sauke tabarau ya karanta da kansa, tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi tsaya masa ba zagin ba ne. Ya nuna saman rubutun da yatsa.

"Yau ya rubuta, yau ya fita," ya ce. "Ko kwana bai bari ya yi ba. Da gangan ke nan." Ya juya ga 'yarsa. "Auta, daga yau kada in sake jin sunan yaron nan a gidana."

"Ni har na tura wa sauran 'yan aiki," Ɗan Goggo ya ce, "don kowa ya san irin mutumin da muka jawo."

Mama ta dube shi ta saman zarenta, ta ci gaba da aikinta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Auta ta shige ɗakinta. Wayarta tana ta haske a kan gado, saƙonnin Walƙiya suna shigowa.

"Auta, don Allah ki ɗauka."

"Wallahi ban yi nufin kowa ya gani ba. Na rubuta ne don in huce, kamar yadda muka saba, da niyyar in janye da safe. Na manta shafina yana kan sabuwar. Na danna, ya fita."

"Hannuna ne ya cire Kwana, hannuna ne ya danna. Ba ni da wanda zan zarga. Ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ta karanta, hawaye suna ɗiga a kan gilashin wayar. Ko da kuskure ne, ai kalmomin daga cikinsa suka fito. Ta fara rubutu da sauri: "Wanda bai san gini ba shi ya haife ni. Ka nemi 'yar wanda ya sani. Kada ka sake nemana." Yatsanta yana kan maɓallin aikawa sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

"Ajiye," Mama ta ce.

"Mama, kin ji abin da ya ce wa Baba!"

"Na ji. Na kuma ji labarin abin da Babanki ya ce masa a gaban mutane. Ajiye, na ce." Ta zauna a bakin gado. "Kin san wa ya sa aka yi Kwana? Ni ce. Babanki da kike gani, a ƙuruciyarsa ashana ne, ƙyas ya kama. Da muka yi aure na kafa masa sharaɗi: duk maganar da ta zo da zafi, ta kwana a baki tukuna. Idan da safe tana nan da nauyinta, a faɗe ta. Da ya zo ƙera abin nan nasa, na ce ya saka wa mutane irin nasa linzamin. Magana zarar bunu ce, 'yata. Ban hana ki rabuwa da shi ba. Na dai ce ki rabu da shi gobe."

Da gari ya waye Auta ta buɗe saƙon ta sake karantawa. Ta ga rabinsa gaskiya ne, rabinsa wuƙa. Ta goge shi duka, ta rubuta: "Na ji. Ban yafe ba tukuna, ban kuma tafi ba."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Auta nauyi. A gida Injiniya ya daina doguwar magana, abinci ma sai ya taɓa ya ture. A wurin aiki jama'a sun rabu biyu. Dattawa suna cewa a kori Walƙiya. Samari kuwa suka kewaye shi suna zuga shi ya ɗauki kwafin Tawada ya kafa tasa, tun da dokar manhajar ta ba shi dama, su kuma za su bi shi. Auta ta san idan haka ta faru, aikin mahaifinta zai zama kango, kuma ƙofar gidansu ta rufe wa Walƙiya har abada.

Ɗan Goggo bai bar damar ta wuce ba. Ya tare ta a matakalar bene.

"Ƙanwata, kin ga dai na waje. Na gida ko ba ya da kyau, an san asalinsa."

"Yaya," ta ce, "da ka ga rubutun nan, ka kira shi ka ce ya sauke?"

"Ni ne mai gadinsa?"

"Da ka kira shi, da Baba bai kwana da ciwon nan ba. Kai ka kawo masa har falo, da gudu. Matsa mini in wuce."

A rumfar jiran mota ta sami Walƙiya. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Sun ce in ɓalle," ya ce. "Kuma, Auta, ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ina kan bakana. Tawada tana bukatar sabon tushe. Idan na ce ba haka ba don in same ki, na yaudare ki, na yaudari Baba. Idan na tafi da samarin nan, na rasa ki. Ki faɗa mini abin da zan yi."

"Ba zan zaɓa maka ba," ta ce. "Idan na zaɓa maka yau, gobe ni za ka tuhuma. Abu ɗaya zan roƙe ka. Duk abin da ka yanke, kada ka faɗa wa kowa yau."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya sunkuya, ya ɗaure igiyar takalminsa.

Asabar ta zagayo. Tun kafin a fara, ɗakin ya cika maƙil, domin kowa ya zo ganin rabuwa. Injiniya ya hau benen da kyar, ya zauna a kujerarsa. Auta ta maƙale a gefen taga.

Walƙiya ya shigo. Bai nufi allo ba. Ya je gaban Injiniya ya durƙusa.

"Baba, a gaban jama'a na yi laifi, a gabansu zan nemi gafara. Abin da na rubuta ban goge shi ba, domin an riga an gani, gogewa ɓuya ce. Na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ƙarya na yi, kuma na faɗi yadda aka yi ya fita. Na ce ba ka san gini ba. Ga shi ginshiƙi ɗaya na cire daga gininka, rufin ya faɗo a kaina tun ba a je ko'ina ba."

"Daɗin baki," Ɗan Goggo ya ce.

Injiniya ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi, sannan ya juya ga Walƙiya. "Wato ka janye maganar rushewa?"

Auta ta zuba wa Walƙiya ido. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da yardar mahaifinta.

"A'a, Baba," Walƙiya ya ce. "Ban janye ba."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Auta ta rufe ido.

"Kafofin da na faɗa suna nan. Wata rana masu kutse za su shigo, su yi wasa da rubutun mutanen da suka ba mu amana. Ba zan ce babu su don a ba ni mata ba. Amma ba zan ɗauki kwafi in tafi ba, ko da an kore ni daga ɗakin nan. Masu jiran in ɓalle su daina jira." Ya miƙe, ya je allo, ya zana gidan kamar wancan karon, sai dai a can ƙasa, inda tushe yake, ya rubuta Kwana da manyan baƙaƙe. "A kansa za a ɗora sauran. Kuma duk abin da za mu cire daga tsohuwar, sai mun zo mun tambaye ka dalilin da ya sa ka saka shi. Idan ka yarda, mu gina tare. Idan ba ka yarda ba, zan ci gaba da yin faci har ranar da ka yarda."

"Wannan shawarar," Injiniya ya ce, "yaushe ka yanke ta?"

"Tun shekaranjiya, Baba. Na bar ta ta kwana biyu, don na san halina."

Wani dattijo ya yi dariya. Injiniya bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Zan kwana da ita," ya ce, ya fita.

Da yammar ranar Auta ta buɗe kwamfutarta don duba koke-koke, sai ta ga alama a babban shafin aikin: rubutu ɗaya yana kwana, na Injiniya. Aikinta ya ba ta damar ganin alamar, amma bai ba ta damar karanta abin da ke ciki ba. Kora ce? Yarda ce? Ko ma da safe ya janye shi? Ta ji muryar Mama daga ɗakin mahaifinta, ƙasa-ƙasa, ba ta kama kome ba sai jimla ɗaya: "Kai taka maganar ta kwana kafin ka jefe shi da ita a gaban mutane?"

Ta aika wa Walƙiya: "Baba ya yi rubutu. Yana kwana."

Ya amsa: "To mu ma mu kwana, abar ƙaunata. Yau na san gobe."

Da safe ta fito falo da waya a hannu, idanunta sun nuna ba ta runtsa ba. Injiniya yana shan shayi, Mama tana yanka burodi. Rubutun ya fita. Ta karanta a tsaye:

"Za a sake gina Tawada tun daga tushe. Yaron da ya kawo shawarar shi zai ja aikin, ni zan zauna kusa da shi in riƙa ba da labarin kowane ginshiƙi. Ya faɗa mini magana mai zafi, ni na fara faɗa masa. Tawa ma ba ta kwana ba. Na yafe, ina neman ya yafe. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe, hannu ake miƙa masa, ba shela ake yi ba."

Ta kai ƙarshe, ta koma farko. Babu sunanta, babu maganar aure. Ta ci gaba da duba shi sama da ƙasa.

Injiniya ya kurɓi shayi, bai dube ta ba. "Me kike nema a ciki kuma?"

"Babu kome, Baba."

"Maganar 'yata ba ta shafin intanet ba ce." Ya ajiye kofin. "Da jiya ya ce ya janye, da ban ba shi ke ba. Wanda zai sayar da gaskiyarsa don a ba shi mata, wata rana matar zai sayar. Ki ce wa kawunsa ya turo manya."

Auta ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwar mahaifinta tana kuka.

"To, ita wannan ba za ta kwana ba?" Mama ta ce, tana dariya.

"Wannan ai ta yi kwanan da har ta gaji," in ji Injiniya. "Tashi, Auta, kada ki jiƙa mini riga."

Ta ruga ɗaki ta rubuta: "An duba kokenka. Ka turo manya."

Amsa ba ta zo nan take ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Can sai ga ta: "Na rubuta amsa har sau uku ina gogewa. Alhamdu lillahi. Wannan kaɗai ta isa, Autata."

An ɗaura aure kafin a gama ginin sabuwar Tawada, domin gini irin wannan ba ya ƙarewa da wuri. Ɗan Goggo ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, amma ranar biki shi ya yi ta jigilar kujeru, har ya riƙe hannun ango ya ce, "Ka riƙe mini ƙanwa da kyau, in ba haka ba in kashe maka shafi." Da za a tafi da amarya, Injiniya ya dafa kawunansu su biyu, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a tagari, ya sa duk maganar da za ta raba su ta kwana, gari ya waye ba a same ta ba. Mama ta ce amin, ta ƙara da cewa ango ya duba takalminsa kafin ya sauka daga matakala. Ya duba. A ɗaure yake.

Nan na tsaya. Ni da na kama alƙalami bayan furfura ta riga ta kama ni, ba zan rasa tuntuɓe ba, musamman a sha'anin na'urorin nan. Wanda ya ga kuskure, a harafi ko a bayani, ya taimaka ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai ina roƙo, idan gyaran ya zo da zafi, a bar shi ya kwana.